Littafin aiki: jijiyoyin damtse da ba su bi zanen littafi ba

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan littafi. Shekara huɗu ke nan ina tsayawa da 'yan aji biyu na likitanci a ɗakin nazarin gawa, kuma ba a taɓa yin zangon da wani ɗalibi bai ɗago kai ya kira ni ba: "Malam, zo ka gani, tamu ba daidai take ba." In je in duba, in tarar babu abin da ya lalace, jijiya ce ta bi wata hanya dabam da wadda aka zana musu. Mu taru mu kalla, mako ya zagayo a wuce zuwa ƙirji, abin ya bi ruwa. Bana na ƙudurta ba za a sake haka ba. Duk hannun da aka buɗe zan rubuta yadda jijiyoyin damtsensa suka tafi, in zana, in auna, in ɗauki hoto. Shugaban sashe ya amince, da sharaɗin kada fuska ko wata alamar da za a gane mutum ta fito, kuma kada hoto ya bar kwamfutar sashe.

Tebur shida gare mu, gawa shida, hannu goma sha biyu ke nan. Daga hammata zuwa gwiwar hannu zan tsaya. Abin da ya gangara ƙasa da nan sai wani jiƙon.

Tunda da Hausa nake rubutu, akwai abin da ya kamata in warware tun yanzu. Kalmar jijiya a bakinmu ta ɗauki kaya da yawa: wadda jini ke bi jijiya ce, agara ma wasu jijiya suke ce mata. A nan idan na ce jijiya kawai, ina nufin farar igiyar nan da ke kai saƙo daga laka zuwa tsoka, ta dawo da ji daga fata. Ta jini kuwa zan kira ta jijiyar jini.

Saiwa biyar ke fitowa daga laka don hidimar hannu: huɗu a wuya, C5, C6, C7 da C8, ɗaya a saman baya, T1. Biyun sama su haɗu, ta tsakiya ta tafi ita kaɗai, biyun ƙasa su haɗu, a sami kututture uku. Kowanne ya rabu gida biyu, gaba da baya, sannan a sake tufke su su zama igiya uku da suka sa babbar jijiyar jinin hammata a tsakiya: igiyar waje, igiyar ciki, igiyar baya. A aji kitso nake kiran wannan saƙa, domin duk wanda ya taɓa zama kusa da makitsiya ya ga yadda silin gashi ke barin wannan layi ya shiga wancan. Daga kitson manyan jijiyoyi biyar ke fita: midiyan, alna, radiyal, aksilari, da maskulokutaniyas. Wannan ta ƙarshe sunanta ya yi wa baki nauyi, saboda haka jijiyar ƙwanji zan riƙa ce mata, tunda ita ke motsa tsokar ƙwanji mai kai biyu. Ita da midiyan ne na fi zuba wa ido.

Laraba, 22 ga Janairu

Hunturu ya sa mu a gaba. Hannun da aka bari a buɗe rabin yini sai ka ga ƙananan rassa sun bushe sun koma kamar tsinken tsintsiya. Baba, dattijon da ke kula da ɗakin tun kafin in shiga jami'a, ya yayyanko farin ƙyalle ya jiƙa da ruwan magani, ya ce kowane tebur ya rufe nasa kafin a tashi. Na ce masa, "Baba, ai da na sani da tuni na sayo leda." Ya ce ƙyallen ya fi, leda ita kaɗai gumi take tarawa ta jawo fumfuna. Sai dai a sa ƙyalle a ciki, leda a waje. Haka muka yi.

Hannu biyun tebur na ɗaya tamkar daga littafi aka kwafo su. Igiyar waje ta ba da saiwa, igiyar ciki ta ba da saiwa, suka haɗu a gaban jijiyar jini suka haifi midiyan, aka sami siffar harafin M da ɗalibai ke haddacewa. Jijiyar ƙwanji ta rabu da igiyar waje, ta huda siririyar tsokar nan korakobrakiyalis, ta ratsa tsakanin ƙwanji da tsokar da ke ƙarƙashinsa, brakiyalis, ta ɓullo kusa da gwiwar hannu ta zama jijiyar fatar gefen waje na sangalin hannu.

Na tsayar da wurin fara awo: ƙarshen ɗan ƙashin nan na allon kafaɗa da ya tanƙwaro gaba, wanda Girkawa suka kamanta da bakin hankaka, korakoyid. Daga nan tsokar ta samo sunanta, ni ma tsokar bakin hankaka zan riƙa kiranta. Ina kafa fil a ƙashin, in ja zare zuwa inda jijiya ta shiga tsoka, in ɗora zaren a kan rula. Sau biyu nake aunawa, hannu a buɗe daidai wa daida a kowace gawa. Rawayan zare na jijiya, ja na jijiyar jini.

Talata, 4 ga Fabrairu

An samu na farko. Tebur na biyu, hannun dama. Wata ɗaliba ce ta tsaya da almakashi a hannu ta ce, "Malam, wannan zaren ba ya cikin zane, in cire?" Na ce ta dakata. Muka bi shi sama da matsefata, sannu a hankali, ya kai mu ga jijiyar ƙwanji jim kaɗan bayan ta fito daga tsokar bakin hankaka. Muka bi shi ƙasa, ya gangara a karkace ya shige cikin midiyan wajen tsakiyar damtse. Gada ce tsakanin jijiyoyin biyu, kaurinta ya kusa na tsinken ashana. Wannan ita ce bambancin da aka fi ruwaitowa a damtse, amma ganin ido ya fi ji.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana can sama. Saiwar da igiyar waje ta bai wa midiyan a wannan hannu siririya ce ƙwarai, ba ta kai rabin ta hannun hagu ba. Wato silin da ya kamata su shiga midiyan tun a hammata sun yi rakiyar jijiyar ƙwanji, suka ratsa tsoka tare da ita, sai daga baya suka koma gida. Kamar matafiyin da ya rasa motar garinsu ya hau ta maƙwabta, ya sauka a mararraba. Inda za shi bai canja ba.

Wasu masana biyu 'yan ƙasar Girka, Venieratos da Anagnostopoulou, sun kasa irin wannan gada gida uku a 1998, suna la'akari da tsokar bakin hankaka: wadda ta tashi kafin jijiya ta shiga tsokar, wadda ta tashi bayan ta fito, da wadda jijiyar ma ba ta huda tsokar ba sam. Tamu ta biyu ce. Na zaɓi wannan rabo don cika takardata, domin ɗalibi na iya tantance shi da idonsa ba sai ya haddace dogon bayani ba.

Murnar ba ta cika ba. Da na zagaya tebur na huɗu na tarar da guntun farin abu yana reto a jikin midiyan ta hagu, ɗaya bakin an datse. 'Yan teburin suka ce sun ɗauka tantani ne. Ban yi musu faɗa ba, domin ni ne ban gargaɗe su da wuri ba, kuma abin ya dame ni har dare. Babu yadda za a yi yanzu in ce ga inda ya fito, don haka na rubuta hannun a matsayin wanda ba ya ƙidayuwa. Saura goma sha ɗaya. Na tara aji gaba ɗaya na kafa doka: duk farin abu, ba a yanke shi sai an ga farkonsa da ƙarshensa. Na kuma sa kowa ya murza jijiya da jijiyar jini tsakanin yatsu. Ta jini rami gare ta, tana lotsewa. Jijiya cike take, tana mirginawa, kuma idan ka ƙura ido za ka ga layi-layi a tsawonta.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Wannan rana ita ce dalilin buɗe littafin nan. Tebur na uku, hannun hagu, kwana biyu ɗalibai suna neman jijiyar ƙwanji ba su gani ba, har sun fara zargin juna da yanke ta. Na zauna da kaina tun safe. Tsokar bakin hankaka lafiyayya, babu huji, babu alamar wani abu ya taɓa ratsa ta. Igiyar waje ta ba ta ɗan ƙaramin reshe kai tsaye, daga nan duk abin da ya rage na igiyar ya zube cikin midiyan. Ita kuwa midiyan ta yi kauri fiye da duk wadda na gani bana. Da na bi ta ƙasa sai ga rassa suna fita ta gefen waje: na farko ya shiga ƙwanji, na biyu ya rabu, rabi ya shiga brakiyalis, rabi ya ci gaba ƙarƙashin ƙwanji ya zama jijiyar fatar sangalin hannu. Babu jijiyar ƙwanji a wannan hannu. Midiyan ta ɗauki aikinta da nata.

Wani masani Bafaranshe, Le Minor na Sitirasbog, ya raba alaƙar midiyan da jijiyar ƙwanji gida biyar a 1990, wannan ne gida na biyar. Na juya hannun dama na mutumin ina tsammanin irin haka, sai na tarar da shi kamar na littafi. Mutum ɗaya, hannu biyu, kitso biyu. Wanda ya buɗe dama ba zai iya rantsewa a kan hagu ba.

Na tambayi ɗalibai: da a ce wannan bawan Allah yana raye aka sare shi a saman damtse, midiyan ta tsinke, me likita zai gani? Suka kawo amsar littafi: babban yatsa ba zai iya taɓa ƙaramin yatsa ba, manuniya ba za ta lanƙwasu ba, tafin hannu ta ɓangaren babban yatsa zai mutu. Na ce daidai, a ƙara. Shiru, can wani daga baya ya ce, "Malam, ba zai iya kai loma baki ba." Haka ne. Ƙwanji da brakiyalis za su tafi tare, lanƙwasa gwiwa ya koma hannun wata tsoka da radiyal ke motsawa, ƙarfin ya ragu sosai. Likitan da zanen littafi kaɗai ke kansa zai ce jijiya biyu aka yanke, ko ma ya ɗora laifin a kan kitson can sama, ya buɗe wuya yana neman raunin da ke damtse.

Da la'asar na hau sama na kira Farfesa. Ya daɗe a sunkuye yana ɗaga rassan ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya sa kullum waɗannan biyun ne ke cakuɗuwa, ba a cika ganin midiyan da radiyal sun yi haka ba?" Ya mayar da ni cikin mahaifa. A ƙarshen mako na huɗu hannu ke tsirowa a jikin ɗan tayi, a na biyar jijiyoyi su fara kutsawa cikinsa. Tsokar da ke tsiron ta kasu biyu, ta gaba da ta baya, jijiyoyi ma haka. Midiyan, alna da jijiyar ƙwanji duk 'yan ɗakin gaba ne, midiyan da jijiyar ƙwanji ma igiya ɗaya suka sha, radiyal da aksilari kuwa 'yan ɗakin baya. Kan kowane sili yana bin alamun da naman da ke kewaye ke ba shi. Idan rabuwar ta yi jinkiri ko ba ta cika ba, sai 'yan ɗaki ɗaya su ci gaba da tafiya a kube ɗaya. Wannan bayani ya zauna mini fiye da duk rabe-raben da na karanta, domin yana gaya maka inda za ka sa ran ganin bambanci tun kafin ka sa aska.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ya shigo, an yini babu wuta, fankoki a tsaye. Warin famalin, maganin adana gawa, da ƙishirwa ba sa haɗuwa. Ido na ruwa, maƙogwaro na ƙaiƙayi. Mun mayar da aiki daga bakwai zuwa goma na safe.

Tebur na biyar, dama: ƙwanji mai kai uku. Kan na uku ya taso daga jikin ƙashin damtse, tsakanin inda tsokar bakin hankaka ta ƙare da inda brakiyalis ta fara, ya haɗu da sauran a ƙasa. Jijiyar ƙwanji ta ba shi reshensa na kansa. Akwai kuma wani siririn zare da ya nufi midiyan. Na ɗaura masa rawayan zare, na rubuta shi a matsayin gada ta biyu. A tebur na shida, hagu, jijiyar ƙwanji tana nan amma ba ta huda tsoka ba, ta gefenta ta bi.

Alhamis, 20 ga Maris

Wani abokin karatuna, yanzu likitan kashe zafi ne a asibitin koyarwa, ya ji labarin hannun tebur na uku ya zo da kansa. Ya sa safar hannu ya tsaya a kansa kusan minti ashirin.

Ya ce a wajensu wannan ba labarin littafi ba ne. Idan za a yi wa mutum aiki a hannu ba tare da an sa shi barci ba, sukan zuba maganin kashe zafi a hammata, kewaye da jijiyar jini, inda midiyan, alna da radiyal ke kwance. Jijiyar ƙwanji ita ce mai kufcewa, domin ta riga ta bar kuben tun sama ta shige tsoka, sai an neme ta dabam. Idan aka manta da ita, gefen waje na sangalin hannu na nan da ransa, kuma nan ne ake yanka idan za a haɗa wa mai wankin ƙoda jijiyoyin jini a wuyan hannu. Da na'urar sikanin yana ganinta fara sol tsakanin ƙwanji da tsokar bakin hankaka. Amma akwai ranar da zai yi ta yawo da kan na'urar bai gan ta ba, sai ya lura midiyan ta yi ƙiba, in ya gangara kaɗan ya ga wani abu na ɓallewa daga jikinta. "Ka ga abin da nake hasashe a allo cikin baƙi da fari," in ji shi, "yau ga shi na riƙe da hannuna." Ya roƙi in bar ƙananan likitocinsu su zo su gani. Na ce sai na nemi izini, amma ina so ƙwarai.

Ya tuna mini da aikin da likitan fiɗa Oberlin ya bayyana a Faris a 1994: mutumin da saiwoyin sama na kitsonsa suka tsinke, irin abin da faɗuwa daga babur kan jawo, a ɗebi 'yan sili daga alna a ɗinka su a reshen da ke shiga ƙwanji, gwiwa ta dawo tana lanƙwasuwa. Duk aikin ya rataya ne a kan gano wannan reshe. A hannu irin na tebur na uku, mai fiɗa zai ɗaga ƙwanji ya nemi uwar reshen inda ya saba ya rasa. Daga yau na ƙara layi a takardata: daga ina reshen ƙwanji ya tashi, kuma nisansa nawa daga bakin hankaka.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun sallah, mun kifa gawarwakin, mun shiga bayan damtse. Radiyal ba ta da yawan yawo irin na 'yan gaba. A duk hannuwan ta bi kwarin nan da ya nannaɗe ƙashin damtse, tare da jijiyar jinin da ke rakiyarta, ta huda shingen tantani na waje kimanin santimita 10 sama da gwiwa ta dawo gaba. Bambancin yana ga rassanta: inda suke tashi, da yawansu.

Wani reshe ya rikita tebur biyu. Dogo ne siriri, yana tashi daga radiyal tun a hammata, ya gangara manne da alna kamar ɗanta, sannan ya shiga kan ciki na tsokar bayan damtse. Ɗalibai suka rubuta cewa alna ce ke motsa tsokar. Sai da muka raba su da bakin matsefata har sama suka ga asalinsa. Darasin 4 ga Fabrairu ne ya dawo: maƙwabtaka ba ta nuna dangi, sai an bi salsala.

Na daɗe a wannan wuri da ɗalibai, domin a nan ne aikinmu ya fi kusa da abin da za su tarar a asibiti. Radiyal kwance take a jikin ƙashi, kuma inda ta huda shingen nan ba ta da wurin gocewa. Ƙashin damtse ya karye a tsakiya ko a kashi na uku na ƙasa, irin karayar da Holstein da Lewis suka bayyana a 1963, sai ka ga wuyan hannu ya faɗi, yatsu sun ƙi miƙewa. Gwiwa kuwa tana miƙewa, saboda yawancin rassan tsokar baya sun riga sun fita kafin kwarin. A garuruwanmu mai irin wannan karaya sau da yawa wajen mai ɗori yake fara zuwa. Ban raina sana'ar ba, ƙanin mahaifina a hannunsu ya warke. Amma ja da murɗa ƙashin da jijiya ke kwance a bakinsa, da ɗaure karare tamau a kan hannun da ke kumbura, suna iya mayar da raunin da zai warke da kansa ya zama na dindindin. Na ce wa ɗalibai duk mai karayar damtse da ya zo gabansu, kafin su taɓa komai su ce ya ɗaga wuyan hannu da babban yatsa, su rubuta abin da suka gani da lokacin.

Talata, 29 ga Afrilu

Na kwashe yini biyu a ɗakin ƙasusuwa ina shafa kowane ƙashin damtse da ke akwatunan koyarwa. Ƙaramar ƙaya nake nema, wadda kan tsiro a gefen ciki kimanin santimita 5 sama da gwiwa a jikin mutum ɗaya cikin ɗari ko kusa da haka. Struthers na Sikotland ya bayyana ta a 1848, tare da igiyar tantanin da ke tashi daga bakinta zuwa ƙashin gwiwa. Midiyan, sau da yawa har da jijiyar jini, takan bi ta ƙarƙashin wannan baka, wani lokaci ta matsu. Ban samu ko ɗaya ba, a gawarwakin ma babu. Haka tsokar nan da kan gitta hammata ta danne jijiyoyi, wadda ake jingina wa Langer na Biyana, ba ta fito ba.

Abin da na yi asara da gaske shi ne jijiyar da ke fitowa daga tsakanin haƙarƙari na biyu ta ratsa hammata ta ba fatar cikin damtse ji. A hannu takwas an tafi da ita tare da kitse tun makon farko. Ita ce ake yawan taɓawa idan ana kwashe kaluluwar hammata a aikin sankarar mama, mace ta tashi cikin damtsenta ya mutu ko yana zugi, kuma rassanta sun bambanta sosai daga mutum zuwa mutum. Baɗi da ita za mu fara, kafin kowa ya taɓa kitsen hammata.

Laraba, 14 ga Mayu

Gyara. Zaren tebur na biyar da na rubuta a matsayin gada ranar 5 ga Maris ba jijiya ba ne. Na sa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma na tsaga gefensa, sai ga rami. Ƙaramar jijiyar jini ce da ke ciyar da midiyan. Na cire rawayan zare na sa ja, na soke layin a takarda ba tare da na goge ba, don wanda zai karanta ya ga yadda aka yi.

Ga inda aka tsaya a hannu goma sha ɗaya: gada ɗaya tabbatacciya tsakanin jijiyar ƙwanji da midiyan, hannu ɗaya babu jijiyar ƙwanji, ɗaya ba ta huda tsoka ba, ɗaya ƙwanji mai kai uku, sai hannun dama na tebur na huɗu inda midiyan ta samu saiwa uku, biyu daga igiyar waje. Nisan bakin hankaka zuwa inda jijiya ta shiga tsoka bai tsaya wuri ɗaya ba: mafi kusa ya ɗan haura santimita 3, mafi nisa ya kusa 7. Masu fiɗar kafaɗa sukan riƙe santimita 5 a ka a matsayin tazarar aminci. A biyu daga hannuwanmu wanda ya dogara da wannan ya ja tsoka da ƙarfi zai ja jijiya.

Wani abokin aiki ya ce in fitar da kashi cikin ɗari mu aika mujalla da sunan yadda jijiyoyin mutanen Arewa suke. Na ƙi. Kerr a Amurka kitso 175 ya buɗe kafin ya wallafa nasa a 1918. Mu mutum shida ne, dukkansu maza, kuma gawarwakin da ba a sami danginsu ba ne, ba mu da tabbacin garin kowa balle ƙabilarsa. Hannu ɗaya ya sauya, lissafin ya yi tsalle da kusan kashi tara. Sai an tara na shekaru, kuma da sauran makarantun likitanci sun yarda mu yi amfani da takarda iri ɗaya, da abin ya yi ma'ana. Na rubuta wa biyu, ina jiran amsa.

Litinin, 2 ga Yuni

Zane biyar sun hau bango, kowanne gefe da gefe da na littafi, sunaye da Hausa da na likitanci. A jarrabawar aiki ta makon jiya na kafa fil a reshen ƙwanji na tebur na uku na tambayi daga wace jijiya ya fito. Mafi yawa sun bi shi sama da ido kafin su rubuta. 'Yan kaɗan sun rubuta amsar da suka haddace.

Shugaban sashe ya yarda a ajiye wannan hannu don koyarwa, ƙananan likitocin kashe zafi za su zo bayan babbar sallah. Sauran za a haɗa kowa da sassansa a kai makwanci idan zango ya ƙare. Baba ne ke kula da wannan, kuma ba ya yarda ko guntun fata na wani tebur ya shiga bokitin wani. Tun ranar farko yakan tuna wa ɗalibai hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Yau da muka gama na tsaya na yi wa mutanen nan shida addu'a, ban san sunan ko ɗaya ba.

Abin da ya rage: in auna rassan ƙwanji na tebur na ɗaya da na biyu don cika layin da na ƙara ranar 20 ga Maris, in buga sabuwar takarda mai gurbin jijiyar haƙarƙari, in sayo rawayan zare, na yanzu ya ƙare. Baba ya jiƙa sabon ƙyalle ya naɗe hannun tebur na uku, ya ce in rubuta lamba a jikin ledar kafin in tafi.